Tara Bindigogi Kafin Doka: Darasi Daga Tsohuwar Hanyar Yawunde

Gabatarwa

A birnin Yawunde, hedkwatar ƙasar Kamaru, akwai wata unguwa da ake kira Briqueterie, mutanen gari kuwa sukan taƙaita su ce Birik. Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa wurin gasa tubali, gama a wajen nan ne aka yi ta gasa jan tubalin gini tun zamanin Jamusawa. Amma abin da aka fi sanin unguwar da shi Hausawa ne. Can ne teloli suke, da masu sayar da yadi, da mahauta, da masu tsire da kilishi. Wanda ya taso daga Kano, ko Jos, ko Yola, idan ya shiga Birik ba ya bukatar tafinta.

Kakannin waɗannan mutane da ƙafa suka zo, ta wata doguwar hanya wadda hauren giwa da bayi da bindiga da albarushi suka bi shekaru masu yawa. Sau da dama a tarihin wannan hanya masu iko sun ce za su hana sayar da makamai, kuma da zarar labari ya fita sai masu hali su shiga rububin saye kafin a rufe ƙofa. Abin da muke so mu bincika a nan shi ne, waɗanda suka tara makaman, me tarin ya amfana musu, wane ne kuma ya biya kuɗin?

Fatake, giwa da bindiga

Jamusawa sun kafa tutarsu a Duwala a watan Yuli na 1884, amma shekaru da dama ikonsu bai wuce bakin teku ba. Sai a 1889 hafsoshinsu biyu, Kund da Tappenbeck, suka kafa wani ɗan bariki a ƙasar Ewondo, shi ne ya zama Yawunde. A lokacin nan fataken Hausawa sun riga sun san ƙasar da take arewa da kogin Sanaga. Sukan haye Binuwai, su bi ta Banyo ko Ngaundere zuwa Tibati, daga nan su gangara Yoko, har garin Ngila, babban sarkin kabilar Wute. Wani hafsan Jamus mai suna Curt Morgen, sa'ad da ya isa Ngila wajen 1890, ya tarar da zangon Hausawa a can.

Haure ne ya kawo su. Sukan zo da riguna da zannuwa da duwatsun ado, su koma da hauren giwa. Ba kuwa za mu ɓoye ba, sukan koma da bayi, gama Wute mayaƙa ne masu kai hari ƙauyukan maƙwabtansu, suna kuma kai gaisuwar bayi wurin Lamiɗon Tibati. A irin wannan ƙasa bindiga tana da daraja ƙwarai. Yawancin bindigogin adaka ne, irin wadda ake ɗurawa ta baki, ƙanƙara ta ƙyasta wuta. Maharban giwa sukan ɗura sango, wato gajeren mashi mai dafi, a bakin bindigar su harba.

Ta bakin teku adaka take shigowa. A Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙera ta, kamfanonin Hambog irin su Woermann kuwa suna sauke ta a Duwala tare da gangunan albarushi da barasa. Daga nan takan bi hannu hannu zuwa cikin ƙasa, kowace kabila tana tsare hanya don kada ta bayanta ta sami abin da ita ta samu.

Dokar Birasel ta 1890

A shekarun 1880 rundunonin Turai suka sake makamai. Suka koma bindigogi masu cin harsashi da yawa, suka zubar da tsofaffin nasu a kasuwa da araha. Waɗannan tsofaffi, irin su Chassepot da Gras na Faransa, sun fi adaka nesa ba kusa ba, gama ta baya ake ɗura su, suna kuma cin nisa. Dubbansu suka kwararo Afirka.

A daidai wannan lokaci ikkilisiyoyin Turai suna kuka a kan cinikin bayi. A 1888 Kadinal Lavigerie, wanda ya kafa ƙungiyar Fararen Fada, ya zaga manyan biranen Turai yana cewa bindiga ce ƙarfin masu farautar bayi. Aka kira taro a Birasel, hedkwatar Beljiyam, a watan Nuwamba na 1889, ran 2 ga Yuli, 1890 kuwa ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniya. Aka shata yanki daga digiri 20 arewa da layin tsakiyar duniya, wato cikin hamada, har digiri 22 a kudu. Ƙasar Hausa duka da Kamaru suna ciki. A wannan yanki an hana sayar wa 'yan ƙasa bindigogin zamani da harsashinsu. Adaka da albarushin kasuwa kaɗai aka bari, su ma ban da wuraren da ake kamun bayi.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu biyu. Na fari, masu wa'azin hana bauta da gaskiya suke yi, amma gwamnatocinsu suna da wata bukata dabam, gama su ne suke shirin cin ƙasashen nan da yaƙi, ba su kuwa so su tarar da bindiga mai kyau a hannun wanda za su yaƙa. Na biyu, dokar ba ta fara aiki sosai ba sai 1892. Kusan shekara biyu ke nan kowa ya san za a rufe ƙofa, ba a kuwa rufe ba tukuna.

Sarakuna biyu da suka yi rububi

Behanzin, sarkin Dahome, ya riga ya gwabza da Faransa a 1890, ya kuma san za su komo. Masana tarihi sun rubuta cewa tsakanin Janairu 1891 da Agusta 1892 ya sayi bindigogin zamani 1,700 daga 'yan kasuwar Jamus, da igwa 6 ƙirar Krupp, da bindigogi masu ruwa 5, da harsashi 400,000. Faransawa suka taso a 1892 a ƙarƙashin Kanar Dodds, cikin rundunarsu har da sojan da suke kira na Hausa. A watan Nuwamba suka shiga Abome, bayan Behanzin ya sa wa birnin wuta da kansa. Ya ba da kai a Janairu 1894, aka kai shi tsibirin Martinik, ya rasu a Aljeriya a 1906.

Can yamma kuma Samori Ture ya yi ta aika ayari zuwa Firitawun ta Saliyo, suna kai zinariya da haure, suna komowa da bindigogi. Kafin Ingilishi su toshe wannan hanya wajen 1893, an ƙiyasta ya tara bindigogin zamani kimanin 6,000. Samori ya fi Behanzin hangen nesa, gama ya gane bindiga takan lalace. Ya tara maƙera, suka koyi gyaran bindigar Gras da ƙera sassanta, har suka iya ƙera irinta gaba ɗaya, suna sake ɗura kwanson harsashi. Da wannan dabara ya yi shekaru yana ja da Faransa. Duk da haka aka kama shi a Satumba 1898, aka kai shi Gabon, ya rasu a can a 1900.

Wa ya biya kuɗin?

A nan ne labarin ya komo Kamaru. Behanzin ba shi da kuɗin Turai da zai biya igwa da harsashi. Abin da yake da shi mutane ne, wato bayin da ya kamo a yaƙi. Kamfanin Wölber da Brohm na Hambog, wanda yake cikin masu kawo masa makamai, shi ne kuma yake karɓar mutanen da sunan fansa, yana tura su ƙwadago wasu ƙasashe. A 1891 wani hafsan Jamus, Gravenreuth, ya sayi maza da mata 370 ta wannan hanya, ya kawo su Kamaru. Da yawa suka mutu da ciwo da wahalar tafiya. Waɗanda suka ragu aka mai da su 'yan sandan mulkin Jamus, ba a kuwa biyansu albashi kamar sauran, wai kuɗin fansarsu ne suke biya.

A watan Disamba na 1893 muƙaddashin gwamna, Leist, ya sa aka yi wa matansu bulala tsirara a gaban mazansu a Duwala. Mazan suka fasa ma'ajin makamai, suka kori Jamusawa daga gidan gwamna na 'yan kwanaki, sai da jirgin ruwan yaƙi ya zo aka ci ƙarfinsu, aka rataye waɗanda aka kama. Bayan wannan tawaye ne Jamus ta kafa rundunar soja ta sosai a Kamaru. Cikin hafsoshin da aka aiko a 1894 akwai Hans Dominik, wanda daga baya ya daɗe yana mulkin barikin Yawunde da hannun ƙarfe.

Dubi yadda abin ya zaga. Wani sarki ya ji tsoro, ya sayar da talakawa ya sayi bindiga. Bindigar ba ta tsirar da gadonsa ba, mutanen da ya sayar kuwa suka ƙare a kan igiya a wata ƙasa. Haka Samori ma, dawakin yaƙinsa da bayi yake sayensu, garuruwa da yawa suka zama kufai ta dalilinsa.

Igwa biyu na Yola

Su kansu masu dokar ba su kiyaye ta ba in sun ga riba. Wani hafsan Faransa, Louis Mizon, ya hau Binuwai yana neman abuta da sarakunan Fulani domin ya riga Ingilishi. Ya ba Lamiɗo Zubairu na Adamawa igwa biyu da bindigogi. A ƙarshen 1892 ya taimaki Sarkin Muri da igwa aka fasa garin Kona na Jukunawa, wanda ya daɗe yana gagara, aka kwashi mutanensa bayi. Wannan kuwa hafsan ƙasar da ta sa hannu a yarjejeniyar hana bauta ne.

Igwan nan sun yi shekaru a ajiye a Yola. Ran 2 ga Satumba, 1901 sojan Ingila suka faɗa wa garin, aka harba igwan a ƙofar fada, amma kafin dare an ci Yola an kwashe su. Zubairu ya gudu gabas, ya tara jama'a, Dominik ya karya shi a Marwa a Janairu 1902 da bindiga mai ruwa. Kafin wannan ma, a 1899, Jamusawa sun riga sun taso ta Yawunde sun ci Ngila da Yoko da Tibati.

Abin da bindiga take ci

Me ya sa tarin bai yi magani ba? Bindiga kamar doki take, sayenta ba shi ne wahalar ba, ciyar da ita ne. Adaka tana bukatar ƙanƙara da darma da albarushi, albarushi kuwa ba ya shiri da damina. Maƙeranmu sun iya haɗa shi da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, amma farar wutar daga nesa take zuwa. Bindigar zamani ta fi wuyar sha'ani, gama kowace iri da harsashinta. Sarkin da ya sayi iri biyar cikin gaggawa, harsashi iri biyar zai nema. In ɗan ƙarfen da yake bugun harsashi ya karye, ko kunama ta saki, bindigar ta zama sanda. Wanda ya tara, abin da yake rumbunsa ke nan, kullum raguwa yake yi. Abokin gabansa kuwa masana'anta ce a bayansa, da jirgin ruwa mai kawo sabo kowane wata.

Jamusawan kansu sun ɗanɗana wannan. Ran 22 ga Yuli, 1908 aka sake sa hannu a wata yarjejeniya a Birasel, wadda ta dakatar da shigo da kowace irin bindiga da albarushi, har adaka, a wani yankin Afirka ta tsakiya da ya haɗa da Kamaru, na shekara huɗu daga 15 ga Fabrairu, 1909. Ran 8 ga Agusta, 1914 suka harbe Martin-Paul Samba a Ebolowa, tsohon sojansu ɗan kabilar Bulu, bisa zargin tara makamai da neman haɗa kai da Faransa. Amma a daidai wannan lokaci ne Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Jiragen Ingila suka tsare teku, Duwala ta faɗi a Satumba, masu hana wasu albarushi suka wayi gari su ne aka hana. Harsashinsu ya yi ta ƙarewa, har suka karɓe ɗakunan koyon sana'a na mishan ɗin Firesbiteriyan a Elat, kusa da Ebolowa, suka mai da su wurin ƙera harsashi. Ran 1 ga Janairu, 1916 sojan ƙawance suka shiga Yawunde, Jamusawa suka tsere zuwa Gini ta Sifen.

Waɗanda suka ragu

Bayan da aka buɗe hanyar Yoko a 1899 fataken Hausawa suka haye Sanaga da yawa, suka yi zango kusa da barikin Yawunde. Suka shiga cinikin roba da goro, suka koro shanu daga Adamawa zuwa ƙasar kurmi inda nama yake da tsada, har kamfanonin Jamus na bakin teku suka riƙa kai ƙara cewa Hausawa sun kashe musu kasuwa. A zamanin Faransa, da gari ya faɗaɗa, aka yi ta matsar da zangon, har a shekarun 1930 ya zauna a Ekudu, inda tsohon wurin gasa tubali yake.

Ngila ya faɗi, igwan Yola sun tafi, Dominik ya mutu a 1910, mulkin Faransa ma ya ƙare ran 1 ga Janairu, 1960. Jikokin masu allura da wuƙar fawa da mudu kuwa suna nan a Birik. Ba cewa muke yi fataken nan tsarkaka ne ba, mun riga mun faɗi hannunsu a cinikin bayi. Amma abin da ya zaunar da su a ƙasar da ba tasu ba shi ne, sun zama mutanen da maƙwabta suke bukata, suka koyi harshen masu ƙasa, suka yi auratayya, aka san su da sana'a.

Zamaninmu

Halin rububin nan bai mutu ba. A Amurka, kafin dokar 1994 wadda ta hana wasu bindigogi masu kama da na soja ta fara aiki, kamfanoni sun ƙara ƙerawa, jama'a kuma suka yi ta saye, gama dokar ba ta shafi abin da ya riga ya shiga hannu ba. A Libiya, Gaddafi ya yi shekaru yana cika rumbuna da makamai. Da ya faɗi a 2011 aka fasa rumbunan, makaman suka bi hamada, a 2012 suka bayyana a arewacin Mali, daga nan suka bazu cikin Sahel.

A Kamaru an yi sabuwar dokar makamai ran 14 ga Disamba, 2016. A watan Afrilu na 2018, sa'ad da rikicin yankunan masu jin Ingilishi ya tsananta, minista Paul Atanga Nji ya dakatar da sayar da bindigogi da harsashi a jihohi shida: Adamawa, Tsakiya inda Yawunde take, Gaɓar Teku, Yamma, Arewa Maso Yamma da Kudu Maso Yamma. Rikicin bai tsaya ba, gama doka tana iya rufe kanti, amma ba ta taɓa abin da aka binne a gona, ba ta kuma tsare kan iyaka mai tsawo irin na Kamaru da Nijeriya.

Kammalawa

Mu da muke zaune a Filato, ko kudancin Kaduna, ko Taraba, ko Arewa Mai Nisa ta Kamaru, wannan ba labarin nesa ba ne. Akwai ƙauyukan da aka faɗa wa da dare, aka kira jami'an tsaro ba su zo ba sai da rana ta fito. Wanda ya binne 'ya'yansa, in ya ce a yi karo-karo a sayi bindiga kafin hukuma ta tsananta, ba hauka yake yi ba, kada kuwa wani ya yi masa dariya daga cikin gari. Tsoron Behanzin ma na gaskiya ne, Faransawa sun zo kamar yadda ya zata.

Amma tarihi ya ajiye mana lissafi, ya kamata mu duba kafin mu zuba kuɗi. Kuɗin makami daga bakin talaka yake fita, a dā 'ya'yansa ne, yanzu hatsinsa da kuɗin makarantar yaransa. Sa'ad da wannan gari ya saya, na ƙetaren rafi yakan ji labari ya sayi wadda ta fi, mai sayarwa kuwa sau da yawa mutum ɗaya ne. Bindiga kuma takan fi tsoron da ya sayo ta tsawon rai. Bayan shekara goma abokin gaba ya tafi, ita tana nan, sai ta fito a rikicin gona, ko na gado, ko ranar zaɓe, ko a hannun yaron da ya ga hanyar samun kuɗi da ita. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Hukuma kuma tana da nata darasi. Dokar Birasel ta kasa samun mutunci domin masu yinta sun hana wasu, su kuwa suna rabawa ga wanda suke so. Duk gwamnatin da ta karɓe adakar manomi, ta bar ɗan fashi da bindigar soja, ita da kanta take koya wa jama'a rububi. Saboda haka dattawan gari da shugabannin ikkilisiya suna da aiki biyu, ba kuwa ɗayan da za a bari. Su tsaya a gaban masu mulki su nemi tsaro na adalci ga kowa, da suna da rana da wurin da aka yi ɓarna a rubuce. Su kuma tsare hanyar da take tsakaninsu da maƙwabtansu, ta kasuwa da gaisuwar mutuwa da zaman sulhu, tun kafin ranar da za a bukace ta. Zaman lafiya, in ji magabata, ya fi zama ɗan sarki, sarakunan da muka ambata a nan kuwa sun isa shaida.